Akwatin Ƙarfe da Bakin Tekun Kwatano



Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Daga nan Korahan zuwa ruwan gishiri, in aka bi ta Dakoro, Ƙonni, Dosso da Gaya, tafiya ce ta wajen kilomita 1,500. Amma ku zagaya kasuwa ku duba. Ganyen shayin da muke dafawa daga ƙasar Sin ya fito. Shinkafar buhu daga Indiya ko Tailan take. Babur, cocila, salula, takalmin roba, tumatirin gwangwani da dilar gwanjo, yawancinsu sai da suka kwana bisa teku kafin su iso hannunmu. Wasu ta Najeriya suka shigo, wasu ta arewa. Amma shekara da shekaru, har zuwa 2023, babbar ƙofarmu ita ce tashar jiragen ruwa ta birnin Kwatano, a ƙasar Benin.

Labarin wannan ƙofa nake so in ba ku, kuma ga dalilina. Kowace shekara in an gama ɗaurin hatsi, samari sai su shiga shirin tafiya biɗa. A ajin da nake koyarwa, akan samu mai tambayata labarin Kwatano, don sun san ina da kawu wanda ya daɗe can. Sun ji iyaye na cewa a bakin teku mai ƙarfin baya ba ya kwana da yunwa. Maganar gaskiya ce a zamaninta. Abin da ya sauya ta wani akwati ne na ƙarfe, wanda ake kira kwantena.

Yadda bakin teku yake a da

Tekun Kwatano yana da haukan igiyar ruwa. A da babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa. A 1891 Faransawa suka fara kafa wata doguwar gada ta ƙarfe wadda ta miƙe cikin teku. Jirgi yakan tsaya can nesa, ƙananan jirage su je su ɗauko kaya, ƙugiya ta ɗago su bisa gadar. Har mutane ma cikin wani babban kwando ake ɗago su.

Daga baya aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano zuwa arewa. Ta isa garin Paraku a 1936, nisan kilomita 438, nan kuma ta tsaya. A lokacin, gujiyar ƙasar Maraɗi ta Kano take bi, jirgin ƙasa ya kai ta Ikko. A shekarun 1950 Faransawa suka shirya a riƙa karkata wani kaso nata zuwa Paraku da Kwatano. Aka gina gada bisa kogin Kwara tsakanin Gaya da Malanbil a 1958. A 1959 Nijar da Dahome, wato Benin ta yau, suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa da sufuri. Sannan aka gina tasha ta sosai, mai katangar duwatsu cikin ruwa, inda jirgi zai jingina da gaɓa. An buɗe ta ranar 1 ga watan Agusta 1965.

Kawuna ya sauka Kwatano bayan farin 1973 da 1974, lokacin da dabbobin gidanmu suka ƙare. Ya zauna unguwar Zango, kusa da tasha, inda Hausawa da Zabarmawa suke da yawa. Aikin dako ya kama. Yadda yake ba mu labari, buhu ɗaya sai ya hau bayan mutum sau uku ko huɗu kafin ya bar garin. Daga cikin jirgi a jera shi cikin raga, ƙugiya ta ɗaga. Daga gaɓa a kai shi sito. Daga sito a loda shi cikin taragu ko kamyo. Jirgi ɗaya yakan yi mako guda ko fiye ana sauke shi.

Ku duba yawan bakin da jirgi ɗaya ke ciyarwa a wancan lokaci. Ga lebura, ga masu ƙidayar buhu, ga masu ɗinke wanda ya yage. Ga mata masu abinci da masu shayi. Ga masu share shinkafar da ta zube, su sheƙe su sayar. Ma'aikatan jirgi kuma su fito gari su kashe kuɗinsu. Baƙo in ya iso da dare, da safe yana iya samun abin yi, ba a tambayarsa kome sai ƙarfinsa.

Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Kaya suna lalacewa, ruwan sama ya jiƙa su, ɓarayi su tsakura. Ƙugiya takan saki kaya bisa mutane. Kawuna yanzu ya dawo gida, ya tsufa. In zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango, kuma yakan ce buhunan Kwatano ne ke biyo bashinsu.

Mai motocin da ya kawo dabara

A ƙasar Amurka an yi wani mai motocin ɗaukar kaya, sunansa Malcom McLean. Ya ga yadda lokaci da kuɗi ke ƙarewa wajen sauke kaya ɗaya-ɗaya daga mota a kuma loda su ɗaya-ɗaya cikin jirgi. Sai ya ce, me zai hana a ɗauki bayan motar gaba ɗaya a aza bisa jirgi? Ranar 26 ga watan Afrilu 1956, jirginsa mai suna Ideal X ya tashi daga tashar Newark, kusa da birnin Niyok, ɗauke da akwatuna 58, ya nufi Hustan. Da aka yi lissafi, kuɗin loda tan ɗaya bai kai kashi 1 cikin 30 na yadda ake biya a da ba. Wato aikin jikka 30 ya koma ƙasa da jikka guda.

A ƙarshen shekarun 1960 ƙasashe suka yarda da awo ɗaya, don akwatin da aka ƙera ko'ina ya zauna daidai bisa kowane jirgi da kowace mota. Ƙaramin yana da tsawon mita 6, babban mita 12. Faɗinsu wajen mita 2 da rabi. Ƙaramin yana cin buhu 500 na shinkafa mai kilo 50, wato tan 25. In raƙumi na ɗaukar buhu 3, sai an tara raƙuma fiye da 160 kafin su kwashe abin da ke cikin akwati ɗaya. Manyan jiragen da aka ƙera a 2023 kuwa suna iya ɗaukar ƙananan akwatuna sama da 24,000.

Ana cika akwati tun daga masana'anta. A rufe ƙofa, a ɗaure ta da wani ɗan ƙarfe mai lamba, wanda ba ya buɗuwa sai an yanke shi. Kowane akwati yana da sunansa a jikinsa: baƙaƙe 4 da lambobi 7. Da wannan suna ake bin sawunsa daga wannan ƙasa zuwa waccan. Hannun mutum ba ya taɓa kayan ciki a hanya.

Manyan biranen duniya su suka fara jin abin a jikinsu. Akwati yana son fili mai faɗi da ruwa mai zurfi, tsofaffin tashoshin da ke tsakiyar gari kuwa ba su da su. A Niyok aiki ya ƙaura zuwa sabuwar tasha can ƙetaren ruwa, dubban ƴan dako suka rasa abin yi. A Landan ta ƙasar Ingila aka yi ta rufe tashoshin cikin gari ɗaya bayan ɗaya, daga 1967 har zuwa 1981. Inda ake jibge buhuna a da, yau dogayen benayen bankuna ne.

Abin da na gani a Kwatano

A shekarun 1970 akwatunan suka fara bayyana a tashoshin Afirka ta Yamma. Da fari kaɗan-kaɗan, daga baya suka rinjayi sauran kaya. Kwatano ba ta rufe tasharta kamar Landan ba. Tashar tana nan tsakiyar gari, sai dai ta sauya kama. A 2004 wata dokar tsaro ta duniya ta fara aiki, wadda ta tilasta wa tashoshin jiragen ruwa su killace kansu, su san mai shiga da mai fita. Tsakanin 2006 da 2011 aka gina sabuwar gaɓa da taimakon kuɗin Amurka. A 2009 gwamnatin Benin ta ba kamfanin Bolloré na Faransa riƙon wurin sauke akwatuna na shekara 25, aiki ya fara a 2013. A 2018 kuma aka ɗauko masana daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam su tafiyar da tashar.

A ranin 2018 na je Kwatano gaida ƴan uwa da ke Zango. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abu uku na gani, kuma su nake so ku riƙe.

Na farko, katanga. Tsakanin gari da jiragen ruwa akwai doguwar katanga da ƙofofi da masu gadi. Wanda ba shi da takardar shiga mai hotonsa ba ya wucewa. Ni ma daga waje na tsaya. Ta saman katanga ana hangen akwatuna ja da shuɗi da kore, an ɗora su bisa juna kamar tubalin gini. Sama da su ga ƙugiyoyi masu tsawon da ya fi hasumiyar masallaci. Mutum ɗaya ne zaune cikin wani ɗan ɗaki can sama. Cikin minti biyu ko uku ya ɗauke akwati daga jirgi ya aza bisa mota. Aikin da lebura da yawa za su wuni suna yi, ya gama shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Jirgin da ke yin mako a da, yanzu kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi. Ma'aikatansa sau da yawa ba su ma taka cikin gari.

Na biyu, motoci. Abin da jirgi ɗaya ya zube cikin dare, sai ɗaruruwan kamyo sun zo kwasarsa. Jirgin ƙasa ya ja baya ƙwarai, kusan kome bisa gudron yake tafiya. Na ga motoci masu lambar Nijar jere a bakin hanya. Direbobi da yaran mota sun shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, suna jiran takarda kwana da kwanaki. Garin ya cika da hayaƙi da cunkoso. Shi ya sa aka fitar da wasu ayyuka bayan gari, kamar filayen sayar da tsofaffin motocin Turai da ke kan hanyar Porto-Novo.

A nan ne sauran aikin dako ya rage. Akwati na kamfanin jirgi ne, aro ake ba mai kaya. In za a tafi da shi har Maraɗi, sai an ajiye kuɗin jingina, kuma in ya daɗe bai dawo ba, ana biyan tara kowace rana. Saboda haka a lokacin ƴan kasuwarmu da yawa sukan buɗe akwati tun a Kwatano, a juye kayan cikin kamyo da hannu. Akwai kuma jiragen shinkafa da na taki masu zuwa ba akwati. Amma masu neman wannan aiki sun fi aikin yawa, kuma akwai waɗanda sunansu ke rubuce, su ake fara kira. Na tarar da samarin ƙasarmu a Zango waɗanda suka zo da niyyar dako a tasha. Wannan yana tura baro a kasuwar Dantokpa, wancan yana tallar goro da agogo, wani yana gadi. Babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa shiga bayan katangar. Waɗanda na ga suna shiga da fita su ne direbobi, makanikai, masu walda, da dillalan takardun duwan.

Na uku, gaɓar teku kanta. Ku da kuka san aikin iska da rairayi za ku gane wannan da sauri. In ka kafa darni a fili, iska takan tara rairayi a gefe ɗaya, ta kwashe na ɗaya gefen. Haka ruwan teku yake a wannan yanki: kullum yana tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Da aka gina katangar tasha cikin ruwa a shekarun 1960, rairayi ya taru a yamma, fili ya ƙaru. A gabas kuwa, wajen unguwar Akpakpa, teku ya shiga cin ƙasa, ya haɗiye gidaje da hanyoyi. Wannan ya fara tun kafin zuwan akwati. Amma jiragen akwati kullum ƙara girma suke, suna son ruwa mai zurfi, sai a ƙara yasa, a ƙara tsawon katanga. Daga baya gwamnati ta kashe kuɗi masu yawa ta jera manyan duwatsu don tare ruwan.

Ina ruwanmu a Korahan?

Wani zai ce, to malam, wannan duk labarin mutanen kurmi ne, ina ruwan manomi da makiyayi? Akwai ruwanmu, har iya wuya.

Akwatin nan ya kawo mana sauƙi, kada mu ɓoye. Don kuɗin dakon teku ya faɗi, talaka ya iya sayen abin da a da sai mai hali. Babur ɗin da ke kai mai naƙuda asibitin Dakoro cikin akwati ya zo. Haka farantin da ke kama hasken rana, wanda muke cajin salula da shi. Alhazan Maraɗi sun yi arziki da kayan da ke bi ta Kwatano su wuce Najeriya. Tsofaffin akwatuna ma ba su tashi banza ba: in kun je Maraɗi ko Yamai za ku gan su a bakin hanya an mayar da su shaguna.

Amma duk sauƙi yana da farashinsa. Telan ƙauye yana gasa da dilar gwanjo. Maƙeri da baduku da mai sassaƙa akushi suna gasa da kayan roba. Abu mafi girma kuma, mun ɗaura cikinmu da ƙofar da makullinta ba ya hannunmu.

Mun ga haka ƙuru-ƙuru a 2023. Ranar 26 ga watan Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ranar 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar Gaya da Malanbil. Motoci suka yi dogon layi a Malanbil. Akwatunan Nijar suka taru a Kwatano har wuri ya yi kaɗan. Shinkafa da mai da sukari suka yi tsada, wasu magunguna suka yi wuyar samu. A watan Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe gefenta, amma hukumomin Nijar suka bar nasu gefen a rufe, suka ce saboda tsaro. Kaya suka koma bi ta tashar Lome a ƙasar Togo, su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji. Hanyar ta fi tsawo, ta fi haɗari, kuma duk kuɗin da aka ƙara a hanya, mai saye da tiya shi ke biyansa a ƙarshe. A Kwatano ma an ji jiki. Ƴan dako, masu abinci da masu gyaran taya da ke ci daga motocin Nijar, kasuwarsu ta mutu.

Akwai wani abu kuma da ya tsaya mini a rai. Akwatuna suna zuwa cike, amma da yawa suna komawa wofi. Benin takan cika wasu da auduga da yazawa. Daga ƙasarmu, yuraniyom na Arlit ya daɗe yana bi ta Kwatano kafin a rufe iyaka a 2023. Daga gonakinmu fa? Jihar Maraɗi tana noma aya mai yawa, kuma ana son ta har ƙasar Sifen, inda suke yin kunu da ita. Muna da riɗi, muna da ƙaro, muna da fatar jar akuya wadda sunanta ya kai Turai tun zamanin kakanni. Amma akwati ba ya karɓar tiya biyar. Yana son tan 20 ko fiye, iri ɗaya, busasshe, ba tsakuwa, ba ƙasa. Manomi ɗaya ba zai cika shi ba. Shi ya sa ɗan kasuwa ke bi ƙauye-ƙauye da kaka, ya saya da araha, ya tara, ya tsabtace, riba mai tsoka ta zama tasa.

Shawarata guda biyu

Ga samari masu shirin biɗa: ban ce kada ku tafi ba. Rani yana da tsawo, kuma kowa ya san abin da ke rumbunsa. Amma kada ku tafi da labarin zamanin kawuna. Kafin ka sayar da akuyar tsohuwarka ka yi kuɗin mota, tambayi wanda ya dawo bana, ka ji ko hanya a buɗe take, da irin aikin da ya samu da hannunsa. In da hali, tafi da sana'a: tuƙi, kanikanci, walda ko gyaran taya. Ka tanadi katin ɗan ƙasa, ka kuma iya karanta lambar mota da lambar akwati, don a bakin waccan katanga takarda ake fara tambaya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ga manoma kuma, maza da mata: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da mutum ɗaya ba zai tara ba, ƙungiyar ƙauye uku ko huɗu tana iya tarawa. In muka haɗa riɗi ko wake wuri ɗaya, muka sheƙe shi fes, muka auna da sikeli muka rubuta, mai saye zai zo ya tarar da mu da baki ɗaya, ko da ba mu ne za mu kai shi teku ba. Kuma kada mu yi wasa da rumbun tsimi. Shekarar 2023 ta nuna mana gidan da ke da hatsi da wake a rumbu bai firgita kamar gidan da ya dogara da shinkafar jirgi ba.

Ku karanta wannan a dandali, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. In akwai tsohon ɗan dako a garinku, ku kira shi ya ba da nasa labari, samari su saurara. Allah ya tsare matafiyanmu, ya maido su gida lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.